Tun da Baba ya dawo daga asibiti, abinci ya zame mini abin tsoro

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 29. Wata huɗu ke nan da mahaifina, mai shekara 53, ya samu bugun zuciya. Likitoci sun ce jijiya ce ta toshe, suka buɗe ta suka saka masa ɗan bututu a ciki. Alhamdu lillahi yana samun sauƙi, har ya fara zancen komawa aiki. Ni ce ban dawo daidai ba. Tun daga ranar na daina cin nama da mai, yawanci a kan shayi da 'ya'yan itace nake wuni, har jiri yake ɗibata. Da dare nakan dafa ƙirjina ina ƙirga bugun zuciyata. A gida kuma kullum saɓani muke da Baba: na ware masa tukunyarsa, ba gishiri ba mai, ya ce na mayar da shi fursuna, wani lokaci ya ture kwanon. Kwanan nan ya ce tunda ya ji sauƙi kuma yana kiyaye abinci, zai rage shan magungunan. Ni nake dafa masa abinci tun rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa nake ganin da hannuna a abin da ya same shi. Me zan ci, Anti? Ni ma ciwon yana jirana ne?

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ji ƙan mahaifiyarku, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kika ɗauka.

Zan fara da maganar da kika sa kusan a ƙarshe, domin ita ce ba ta jiran gobe. Kada Baba ya ajiye ko ƙwaya ɗaya daga magungunansa sai likitansa ya ce. Bututun da aka saka masa 'yar raga ce ta ƙarfe, kuma har sai fatar cikin jijiya ta tsiro ta lulluɓe ta, jini yana iya daskarewa a kanta ya toshe hanyar gaba ɗaya cikin ƙanƙanin lokaci. Dalilin ke nan da ake haɗa wa mai irin wannan jinya magunguna biyu masu hana ƙwayoyin jini mannewa da juna, asfirin da wani na biyu, yawanci na tsawon wata 12 bayan bugun zuciya. Baba yana wata na huɗu ne kawai. Haka maganin rage kitsen jini, wanda likitoci ke kira sitatin: mafi yawan kolestarol, wato kitsen da ke yawo a jinin mutum, jikinsa ne ke ƙera shi, musamman hanta, don haka ko ganye tsura zai riƙa ci, abinci ba zai yi aikin wannan ƙwayar ba. Sauƙin da yake ji, maganin yana da kaso babba a cikinsa. In wani daga ciki yana damunsa, ko da ciwon tsoka, ko tari, ko zubar jini daga dadashi, ya faɗa a asibiti, akwai waɗanda za a musanya masa da su. Ki raka shi ganin likita na gaba, ki tayar da maganar a gabansa cikin ladabi, ki bar likitan ya amsa. Uba ya fi saurin karɓar irin wannan magana daga bakin likita a kan bakin 'yar da ya goya.

Sai nauyin da kika ɗora wa kanki, cewa girkinki ne ya kai shi gadon asibiti. Ki sauke shi. Toshewar jijiyar zuciya aiki ne na shekaru masu yawa. Kitse yana fara kwanciya a bangon jijiya tun mutum yana saurayi, yana taruwa a hankali ba ciwo ba alama, har ranar da tarin ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe. A shekarar 1953 likitocin sojan Amurka sun wallafa abin da suka gani a zukatan sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, samari waɗanda matsakaicin shekarunsu 22: kusan kashi 77 cikin 100 sun riga sun fara tara wannan kitse a jijiyoyin zuciya. Ki lissafa da kanki. Akwai yiwuwar abin da ya kwantar da Baba ya soma tun ba a haife ki ba. Kuma abinci ɗaya ne daga cikin abubuwa da dama da ke tura shi gaba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, aka fitar a 2004, ya nuna abubuwa tara ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko, a cikinsu akwai shan taba, yawan kitsen jini, hawan jini, ciwon sukari, teɓa, rashin motsa jiki da yawan damuwa. Ke kin ciyar da mahaifinki da abin da kika sani, da zuciya ɗaya, a lokacin da gidanku ke cikin maraici. Wannan ba laifi ba ne da za ki riƙa biyan tararsa da yunwa.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa, ko ciwon yana jiranki, ba zan rufe ki da "a'a" don ki ji daɗi ba. Likitoci suna ɗaukar abin da muhimmanci idan uba ko ɗan'uwa namiji ya kamu kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65. Baba ya kamu yana 53, saboda haka kina cikin waɗanda ya kamata a sa wa ido. A garin Firamingham na Amurka an fara bibiyar lafiyar mutum 5,209 a 1948, a 1971 aka shigar da 'ya'yansu, kuma a can aka tabbatar cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka kamu da wuri, haɗarinsa ya fi na sauran. Amma ƙarin haɗari ba hukunci ba ne da aka yanke. Ke kina da abin da Baba bai samu ba: gargaɗi tun kina shekara 29.

Abin da ke damuna shi ne kin fara magani ba ki san me kike magancewa ba. Wata huɗu kina horar da cikinki, amma ban ga inda kika ce an auna ki ba. Ki je a auna miki hawan jini, da sukarin jini, da kitsen jini, musamman nau'in da ake kira LDL, wanda shi ne ke kwanciya a jijiya. Ki gaya wa likita shekarun Baba lokacin da abin ya faru, in da hali ki tafi da sakamakon awon kitsen jininsa na kafin a fara ba shi magani. Akwai wata lalura ta gado da ke sa kolestarol ya yi sama tun daga haihuwa, tana samun kusan mutum ɗaya cikin 250, kuma duk ɗan da mai ita ya haifa yana da rabi da rabi na gadonta. Mai wannan lalura ko siriri ne, ko ba ya cin mai, sai da magani. In kina da ƙanne ko yayye, su ma su je. Tunda kuma jiri yana ɗibarki, a duba ko jininki ya yi ƙasa. Mace mai al'ada da ta bar nama da wake ta koma shayi tana kan hanyar ƙarancin jini, balle shi shayin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Ƙarancin jini kuwa yana sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Ba mamaki wani ɓangare na bugun da kike ƙirgawa da dare daga nan yake.

Yanzu abincin. Abin da kike yi ba zai ɗore ba, kuma ba ya kare zuciyarki. Jiki yana buƙatar abin gina tsoka, yana buƙatar mai don ya amfana da wasu sinadaran bitamin. Wanda ya hana kansa komai saboda tsoro, ranar da tsoron ya lafa yakan koma cin komai, har ya fi da. Abin da kike nema shi ne cin da za ki iya riƙewa har shekara arba'in masu zuwa, kina jin daɗinsa.

Gishiri na fi so ki mayar da hankali a kai, domin shi ne ya fi ɓuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abin da ya ci daga safe zuwa dare. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka har ya ɗara. Yawan gishiri yana riƙe ruwa a jiki, yana ɗaga hawan jini, hawan jini kuma yana raunata bangon jijiya a hankali, ya ba kitse wurin kamawa. Mutane da yawa suna kallon wanda suke barbaɗawa da hannu ne kawai, alhali akwai shi jingim a dunƙulen ɗanɗano, da burodi, da taliyar leda mai ɗan ƙullin sinadari, da abincin gwangwani, da naman da aka sarrafa a masana'anta, da kayan ƙwalam na leda. Ki koyi duba bayan kwali. In an rubuta sodiyam, ki ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Amma ki lura, kaɗan aka ce, ba a ce babu ba. Kuskuren da kika yi da tukunyar Baba shi ne cire shi dungurungum rana ɗaya, abinci ya koma lami, ya ture. Harshe yana sabawa, sai dai yana son lokaci. Ki rage kwata wannan makon, ki ƙara ragewa bayan mako biyu, in kin sa dunƙule kada ki ƙara gishiri a kai. Bayan 'yan makonni, abincin da kuka saba ci da can shi zai riƙa yi muku zau. Albasa da aka soya ta yi laushi, tafarnuwa, citta, barkono, ɗan matsin lemun tsami a ƙarshe, waɗannan suna cike gurbin fiye da yadda kike zato.

Wata 'yar fargaba a nan. Za ki iya cin karo da gishirin da aka rage masa sodiyam aka ƙara fotasiyam. Yana da amfani: a wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin da mutum kusan 21,000, wanda aka fitar a 2021, ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Sai dai mai ciwon ƙoda, da mai shan wasu magungunan hawan jini da na zuciya, fotasiyam yana iya taruwa a jininsu ya rikita bugun zuciya. Kada ki sa wa Baba shi sai kin tambayi likitansa. Haka lemun garehul, yana karo da wasu nau'o'in sitatin. Haka duk wani jiƙo ko ƙwayar ƙarin lafiya da masu zuwa dubiya za su kawo da kyakkyawar niyya, a nuna a asibiti kafin ya sha.

Mai kuma, irinsa ake dubawa kafin yawansa. Wanda ke daskarewa in ya huce, kamar kitsen dabba da man shanu da man kwakwa, shi ke ɗaga LDL. Mai ruwa na tsirrai, kamar na zaitun da na waken soya da na gyaɗa, in ya maye gurbinsu yana sauke shi. Mafi muni shi ne man da aka daskarar a masana'anta, wanda ake samu a wasu biskit da kek na leda, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2018 a kawar da shi daga abincin duniya baki ɗaya. Saboda haka ki dawo da mai cikin girkinki, ki auna da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, ki daina maimaita wanda aka riga aka yi suya da shi. Nama ma ba a haramta miki ba. Ki yanke kitsen, ki cire fatar kaza, ki bar shi ya zama baƙo a kwano wasu ranaku, wake da kifi da ƙwai su karɓi sauran. Kifi sau biyu a mako yana da kyau. Gyaɗa ko makamanciyarta marar gishiri, cikin tafin hannu ɗaya, ta fi duk wani abin leda. Hatsi wanda ba a cire masa dusa duka ba ya fi fari tas. Ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace, giram 400 a rana hukumar ta ce, a aikace ki sa su cinye rabin kwano, hatsi kwata, abin gina jiki kwata. Sukari kuwa a kofi da kwalba ya fi shiga: gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yakan ɗauki kusan giram 35, alhali iyakar babba a rana wajen giram 50 ce.

Ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, maganar tukunya biyu. Ki haɗe su. Mutumin da ya kwana a ɗakin masu ciwon zuciya, ya ji ƙarar na'urori a kansa, ya dawo gida yana neman abin da zai tabbatar masa cewa shi ne dai mai gidan nan. Sai ya tarar an ware masa kwano, ana leƙa abin da ya ɗiba, 'yarsa tana ƙirga masa loma. Kowane cin abinci ya zama tunatarwa cewa shi majinyaci ne. Ture kwanon da yake yi, da zancen ajiye magani, ina ganin tushensu ɗaya: yana so a daina kallonsa a matsayin mai ciwo. Abincin da ya dace da zuciyar Baba shi ne ya dace da taki da ta kowa a gidan, babu dalilin ware shi. A lardin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan, inda a wancan lokacin mazaje masu ƙarfin aiki ke mutuwa da ciwon zuciya fiye da kusan ko'ina a duniya, an fara wani shiri a 1972 ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Ba majinyata kaɗai suka bi ba, sun shiga gidaje da makarantu da shaguna, suka sa al'umma gaba ɗaya ta rage man shanu da gishiri da taba, ta ƙara kayan lambu. Cikin shekara 40, mutuwar mazaje masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100. Abin da ya yi aiki a lardi guda zai yi a gida guda. In kowa yana ci daga tukunya ɗaya, ba wanda ake horarwa.

Ki zauna da shi a lokacin da ba na cin abinci ba, ki ce: "Baba, na tsananta, ka yi haƙuri, tsoro ne ya sa ni. Wane abinci ka fi kewa?" Duk abin da ya ambata, ki nemi yadda za ki dafa shi da ƙarancin gishiri da mai, ko ki bar shi ya ci ɗan kaɗan lokaci zuwa lokaci yadda ya saba. Loma biyu na abin marmari sau ɗaya a mako ba su kai haɗarin mutumin da ya yi fushi ya fara ci a waje a ɓoye ba. Ki kuma lura da yanayinsa. Baƙin ciki mai nauyi yana yawan biyo bayan bugun zuciya, maza kuma ba safai suke faɗa ba, sai dai a ga saurin fushi, ko rashin barci, ko janyewa daga mutane. In kin ga haka ya daɗe, shi ma abin faɗa wa likita ne, yana da magani, kuma barinsa yana jinkirta warkewa.

Ki tambaya ko asibitin yana da shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, inda ake koya musu motsa jiki daidai ƙarfinsu ana lura da su. In babu, likita ya faɗa masa iyakar tafiyar da zai fara da ita. Ke naki minti 150 ne a mako na tafiya mai ɗan sauri, minti talatin sau biyar, ku riƙa fita tare in ya yarda, ko da shi zai juyo kafin ke. Ba ki ambaci taba ba. In akwai mai sha a gidan, barinta ya fi duk gyaran tukunya da muka yi magana a kai, domin shekara ɗaya da dainawa haɗarin ciwon jijiyar zuciya yana sauka kusan rabi.

Alamun da ba a jira da su, ki san su ki sanar da kowa a gidan: nauyi ko matsi a ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, gumi mai sanyi, sarƙewar numfashi. A mata yakan zo da tashin zuciya da kasala mai tsanani ba tare da ciwon ƙirji sosai ba. In an ga haka, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne, kuma kada shi ya tuƙa kansa.

Ƙirgar da kike yi da dare ta taɓa ni. Kin rasa uwa, kin ga uba a bakin mutuwa, ba abin mamaki ba ne jikinki ya ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce. Sau da yawa sakamakon awo a hannu yana kwantar da wannan fargabar, shi ya sa nake matsa miki ki je cikin makon nan. In an auna an ce lafiya, amma har yanzu kina jin tsoron kai loma baki, ko barci yana gagararki, ki faɗa wa likitan wannan ma da bakinki, kamar yadda kika rubuto mini. Tsoron abinci yana iya zama ciwo mai zaman kansa, kuma an fi saurin shawo kansa tun yana sabo. Ki kuma raba ɗawainiyar da 'yan'uwanki, wani ya riƙe ranakun asibiti, wani ya riƙe sayen magani, kada komai ya tsaya a wuyanki.

Yau da dare ki dafa abinci cikakke, da wake ko kifi, da ganye, da cokalin mai, da ɗan gishiri, ki zuba wa Baba ki zuba wa kanki, ku ci tare. In kin karɓo sakamakon awon ki sake rubuto mini, ki gaya mini har da abincin da ya ce ya fi kewa. Ki gaishe shi, ki ce ina yi masa ya jiki.